Ranar da Ar-Razi Ya Rubuta Kuskurensa da Hannunsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai saukar da cuta da magani, tsira da amincinSa su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Shekaru huɗu da suka wuce, a ƙarshen damina, wani zazzaɓi ya kama ni, ya yi ta tafiya yana dawowa har kusan wata biyu. Sau uku ina zuwa wani asibiti da ke kusa da unguwarmu, kowane zuwa a ɗebi jini, a ce mini maleriya ce da taifot, a yi mini allurai da ƙarin ruwa. Sai in ji sauƙi na kwana biyar ko shida, in koma Islamiyya, sannan wata rana ina cikin biya wa yara karatu sanyi ya rufe ni har littafi ya kasa tsayuwa a hannuna. A gida kuwa kowa da tasa fatawar: wannan ya ce shawara ce, wancan ya ce sammu ne. A zuwa na huɗu na faɗa hannun wani dattijon likita a wani asibitin daban. Bai yi gaggawar rubuta magani ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, idan ka miƙe tsaye kana jin nauyi a kwankwasonka? Fitsari fa, yana yi maka zafi?" Na ce ƙwarai kuwa, Likita, an kwana biyu ma. Babu wanda ya taɓa tambayata, ni kuma kunya ta hana ni faɗa. Aka gwada fitsari, aka yi hoton ciki, ashe ƙodata ta hagu ce ta kamu.

Bayan Allah Ya ba ni lafiya na daɗe ina jin haushin likitocin farko. Abin da ya sauya mini tunani wani labari ne da na ci karo da shi a tarihin likitancin Musulmi, wanda ya yi kama da nawa har sai da na ajiye littafin na yi shiru. Shi nake son in ba mai karatu a yau.

Abubakar Muhammad ɗan Zakariyya Ar-Razi mutumin Rayyu ne, birnin da ke dab da Tehran ta yanzu a ƙasar Iran. Ya shugabanci asibiti a garinsu, ya kuma shugabanci asibiti a Bagadaza, ya rasu wajen shekara ta 925 Miladiyya. Ya shahara da risalar da ya bambance agana da ƙyanda a cikinta, cututtuka biyu da kan rikitar da masu magani saboda dukkansu zazzaɓi ne da ƙuraje. Bayan rasuwarsa aka tattara takardunsa suka zama babban littafin nan Al-Hawi, wanda aka fassara zuwa Latin a 1279, likitocin Turai suka yi ƙarnoni suna karanta shi. A cikin Al-Hawi akwai labaran majinyata da ya duba da kansa, waɗanda wani masani mai suna Max Meyerhof ya fitar da 33 daga cikinsu a 1935.

Na farko a cikinsu labarin wani mutum ne, Abdullahi ɗan Sawada. Zazzaɓinsa ba shi da ƙa'ida: wani lokaci kullum, wani lokaci ya tsallake kwana guda, wani lokaci ya yi kwanaki kafin ya dawo, da ɗan jin sanyi kafin zuwansa, ga yawan fitsari. Ar-Razi ya tsaya tsakanin zato biyu, ko dai irin zazzaɓin nan ne mai dawowa duk rana ta huɗu, ko kuma maruru ne a ƙoda. Bai yanke hukunci ba har sai da mugunya ta fito a fitsarin mutumin. Daga nan ya gane, ya yi masa magani, ya warke cikin kusan wata biyu.

Da Ar-Razi ya so, da ya tsaya a nan, ya bar wa tarihi labarin nasara, musamman da yake ya ambata cewa sauran likitocin da suka duba mutumin ba su gane ciwon ba ko bayan fitowar mugunyar. Amma sai ya zauna ya lissafa abin da ya jinkirtar da shi. Na ɗaya, mutumin ya sha yin zazzaɓi iri-iri a baya, sai tsohon ciwon ya rinjayi tunanin likita. Na biyu, majinyacin bai faɗa masa cewa yana jin nauyi a ƙugunsa idan ya miƙe ba, shi kuma ya yi sakaci bai tambaya ba. Na uku, bai san cewa mahaifin mutumin ya yi fama da ciwon mafitsara ba. Ya rufe da jan kunnen kansa da 'yan uwansa likitoci a kan kada su yi sake da bincike. Ya kai ɗan uwa, duba da kyau: tambayar da Ar-Razi ya yi nadamar rashin yi fiye da shekara dubu da suka wuce, ita ce wadda dattijon likitan nan ya yi mini.

Wannan ɗabi'a ba a labari guda ta tsaya ba. Jalinusu, likitan Girkawa, shi ne limamin fannin a zamanin, maganarsa kamar yankan wuƙa take. Duk da haka Ar-Razi ya rubuta littafi sukutum mai suna Ash-Shukuk ala Jalinus, inda ya nuna wuraren da abin da ya gani da idonsa a asibiti ya saɓa wa abin da ke rubuce.

Hukuma ma ba ta zuba ido ba. Ibn Abi Usaibi'a, wanda ya rasu a 1270, ya kawo a littafinsa na tarihin likitoci cewa a shekara ta 319 Hijira, daidai da 931, labari ya kai wa Halifa Al-Muƙtadir cewa wani mutum ya mutu saboda kuskuren likita. Nan take ya umarci muhtasibi, wato shugaban hisba, ya dakatar da masu magani har sai Sinan ɗan Sabit ya jarraba su, ya rubuta wa kowanne takarda da ke bayyana fannin da aka yarje masa. Waɗanda aka jarraba a ɓangarori biyu na Bagadaza sun haura 860, ban da mashahurai da likitocin fada. Mutuwar mutum ɗaya daga cikin talakawa ta jawo wannan duka.

A ƙarni na 12, zamanin Salahuddin, Ash-Shaizari ya rubuta littafin hisba mai suna Nihayatur Rutba. A cikinsa ya tsara cewa idan likita ya shiga wurin majinyaci, ya tambaye shi musabbabin ciwo da abin da yake ji, ya rubuta maganin da ya ɗora shi a kai, ya ba dangi kofe a gaban shaidu. Gobe ya dawo ya sake dubawa ya sake rubutawa, haka kullum. Idan majinyacin ya rasu, dangi su kai takardun gaban babban likitan gari. In ya ga an bi ƙa'ida, ya shaida musu cewa ajali ne ya zo. In ya ga sakaci, a karɓi diyya daga likitan.

Asalin wannan duka yana cikin Sunna. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 Hijira, ya yi sharhinsa a Zadul Ma'ad, ya kasa masu magani kashi biyar. Ƙwararren da ya yi aiki da izini ya kuma ba sana'a haƙƙinta, babu lamuni a kansa ko da an sami asara. Jahili mai shigar burtu hukuncinsa daban. Ƙwararren da hannunsa ya goce, da wanda ya yi ijtihadi a zaɓen magani ya kuskure, da wanda ya yi fiɗa ba da izini ba, kowanne da nasa bayanin. Malamanmu sun fi kowa imani da ƙaddara, amma ba su mayar da ita mayafin rufe sakaci ba.

A nan ne nake ganin mun kasu gida biyu, kuma duka gidajen sun bar hanyar magabata. Wasunmu idan an yi musu kuskure sai su ce haka Allah Ya so, su ɗauke kai, gobe a maimaita wa wani. Wasu kuma su yanke ƙauna da asibiti baki ɗaya, su koma wurin mai lasifika a bakin kasuwa da maganin cuta arba'in a kwalba guda, wato su gudu daga ƙwararre mai kuskure su faɗa hannun wanda hadisi ya yi gargaɗi a kansa.

Ni dai na yafe wa likitocina na farko, don na ga layin da ke bakin ƙofarsu, na kuma san zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa a ƙasarmu har yana rufe ido daga sauran cututtuka, kamar yadda tsohon zazzaɓin ɗan Sawada ya rufe idon Ar-Razi. Sai dai yafiya ba ta hana gyara. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tabbatar da maleriya ta gwaji kafin a ba da magani. Gwajin Widal kuwa, da aka dogara da shi wajen ce mini taifot, tun 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma likitoci sun san yakan nuna ciwon ga wanda ba shi da shi a wuraren da cutar ta yawaita.

Saboda haka, ya 'yan uwana matasa, ku faɗa wa likita komai, har abin da kuke jin nauyin faɗa, da ciwon da iyayenku suka yi. Ku adana katinku da sakamakon gwaji da sunayen magunguna, kamar kofen da Ash-Shaizari ya ce a ba dangi. Idan kun sha magani ya ƙare ciwo ya dawo, ku koma ku faɗa, in ta kama ku nemi ganin wani likitan, babu rashin ladabi a cikin haka kuma babu rashin tawakkali. Ku kuma ɗalibaina da ke karatun likitanci da jinya, ina roƙonku da ku ɗauki ɗabi'ar mutumin Rayyu: ku yi tambaya guda fiye da yadda kuke ganin ya isa, ku rubuta kuskurenku domin na bayanku.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya yi wa likitocinmu jagora. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.