Daga Jirgin Ruwa zuwa Bariki: Tarihin Kalmomin Gyara a Ingilishi

A harshen Ingilishi, kalmomin da ake kimtsa ɗaki da su kusan su ne ake gyara halin mutum da su. Wanda ya bi sawunsu zai tarar da yawansu a wurare uku aka raine su, wato jirgin ruwa da barikin soja da makaranta, inda babba ke ba da umurni, ƙarami ya bi.

Kalmar «tidy», wadda a yau ke nufin abu kimtsattse, ta fito ne daga «tide», da can ma'anarta lokaci. Ashe ke nan, a wurin mutanen farko, abu kimtsattse shi ne wanda ya zo a kan kari. Ita kuwa «spick and span», da ake faɗa wa wuri mai tsabta fes, tun asali sabon abu take nufi: sabuwar ƙusa da ɓallin itacen da aka sassaƙa yanzu. Sai daga baya ma'anar ta koma kan tsabta.

Mafi daɗin labari ita ce «shipshape and Bristol fashion». Birnin Biristol na Ingila yana bakin kogin Avon, inda ruwan teku ke hawa da sauka da fiye da mita 10. Idan ruwa ya janye, jirage sai su zauna a kan laka su karkace, duk kayan da ba a ɗaure da kyau ba su watse ko su lalace. Haka aka yi ta fama har 1809, lokacin da aka buɗe tashar da injiniya William Jessop ya tsara, mai riƙe ruwa ko da teku ta janye. Da wannan wahala ake danganta maganar. A can, kimtsa kaya ba ado ba ne, tsare dukiya da rai ne.

Soja kuma ya ba da «spit and polish», wato goge takalmi da miyau har ya yi ƙyalli, da «toe the line», wato jera yatsun ƙafa a kan layi guda, wadda ta zama bin doka ba musu. Daga wajen masu karatu aka samu «turn over a new leaf». Tun ƙarni na 16 ake faɗin ta, kuma ganyen da ake nufi ba na itace ba ne, warƙar littafi ce: mai laifi ya buɗe sabon shafi ya sake hali.

Waɗannan maganganu ba su shigo Hausa ba, amma ƴan uwansu sun shigo, ta ƙofar soja. A 1897 Ingila ta ɗora wa Lugga kafa rundunar da aka sani da WAFF, kuma Hausa ta zama harshen da dakarunta ke mu'amala da shi. Ta wannan hanya, da ta gidajen Turawa, aka samu fareti da oda da layi da kofur da saja, da burushi da bokiti da tawul. Fatake da ƴan ci-rani suka ƙetaro da wasunsu daga Kano da Katsina zuwa Maraɗi da Damagaram, inda suka zauna tare da kalmomin da lakwal ta kawo daga Faransanci. Ma'aikacin tsabta kuwa, mai shiga gidaje yana leƙa randa da tulu don neman ƙwayayen sauro, Bahaushe bai ari sunansa ba, ya raɗa masa nasa: duba-gari.

Abin lura shi ne makomar kalmar bariki. A Ingilishi, wurin horo ne da kimtsi. A Hausa kuwa, idan aka ce wane ɗan bariki ne, ko wance tana zaman bariki, ana nufin wanda ya kuɓuce wa idon iyaye. Jama'a sun ga takalmi mai ƙyalli, sun kuma ga halin mai takalmin bayan an tashi fareti, suka yanke hukunci da bakinsu.

Tarihi ya maimaita darasin a Najeriya. A watan Maris na 1984, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wato WAI. Aka fara da tilasta bin layi a tasha da banki, aka sa ma'aikatan da suka makara tsallen kwaɗo, a 1985 kuma aka shiga tsabtace muhalli. Garuruwa sun yi fes, layi ya miƙe. Amma da aka kifar da gwamnatin a watan Agusta na 1985, bulala ta kau, layin ya fara karkacewa.

Ingilishin kansa yana ɗauke da amsa. Kalmar «discipline» ta fito ne daga Latin, daga sunan ɗalibi. Asalinta koyarwa ce, ba duka ba. Nan ta haɗu da tarbiyya, wadda ake shukawa a gida da makaranta tun itace yana ɗanye. Malamin da ya jera yara a layi da safe ya yi rabin aiki. Sauran rabin shi ne yaro ya san dalilin layin, ya kuma yarda cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.