Birnin Yauri: Tsohuwar hedikwatar da sarauta ta ƙaurace wa

Birnin Yauri, wanda ake taƙaitawa Bin Yauri, yana cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, kimanin kilomita 14 kudu maso gabas da Yelwa. A nan fadar sarakunan Yauri ta zauna shekaru aru-aru. Yauri kuwa tana cikin ƙasashen da tarihin Hausa ya lasafta a Banza Bakwai.

Noma da fatauci ne suka raya birnin. Ayarin fataken goro da ke tasowa daga Gwanja zuwa ƙasar Hausa sukan ya da zango a ƙasar Yauri bayan sun ƙetare Kogin Kwara, Gungawa na tsibiran kogin kuma suna kawo kifi kasuwa. Kamar sauran biranen Hausa, an zagaye shi da ganuwar ƙasa mai faɗin gaske, wadda ta haɗe gidaje da gonaki, domin ko abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya kada yunwa ta ci mutanensa. A 1830 wasu Turawan Ingila 'yan uwan juna, Richard da John Lander, sun yi makonni a birnin suna cigiyar takardun Mungo Park, wanda ya halaka a Busa a 1806. Sun tarar da gari babba, cike da jama'a.

Bayan jihadi Yauri ta koma bin Gwandu, amma ta riƙe sarakunanta. Abin da ya karya birnin daga cikin gida ya fito: rikicin gadon sarauta a tsakiyar ƙarni na 19 ya kai ga yaƙin basasa, fada ta ƙaura zuwa wani tsibiri a cikin kogin, hare-haren Kwantagora kuma suka ƙara watsa manoman karkara. A 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya zaunar da sarauta a Yelwa, bakin ruwa, ba ta kuma sake komawa ba.

Garin bai mutu ɗungurungum ba, har yau akwai jama'a a cikinsa. Sai dai ya tsuke ƙwarai, yawancin filin da ganuwar ta kewaye ya koma gonaki da kufai. Tafkin Kainji da ya cika a 1968 ya shanye tsohon garin Busa da tsibiran Gungawa da dama, amma bai kai nan ba. Saboda haka abin da ya rage na ganuwar yana cikin 'yan shaidun tsohuwar Yauri da ido zai iya gani, ga shi kuma ginin ƙasa ne da kowace damina ke zaizayewa.