Wakilcin Turare, Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Kujama

Daga cikin dukkan hajojin da 'yan Adam ke saye da sayarwa, da wuya a sami wadda ta kai turare bukatar amana, domin mai sayen gero yana iya damƙarsa ya ga tsabarsa, mai sayen yadi ya murza ya san ƙwarinsa, amma wanda ya miƙa kuɗi ya karɓi kwalba a rufe ba ya sanin abin da ya saya sai bayan ya shafa, rana ta buge shi, sa'an nan ya gane ko almiski ne ko kuwa ruwa aka rina masa. Saboda haka ne wannan sana'a, tun zamanin ayari har zuwa na jirgin sama, ba ta taɓa rabuwa da wani mutum da ke tsaye a bakin ƙofa ba, wanda ta hannunsa haja ke shigowa, kuma da sunansa ake shaidar ingancinta. Kamar yadda malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, haka mai hankali yake tambayar kwalba daga hannun wa ta fito.

A Kano, inda Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa Kasuwar Kurmi, masu riƙe da wannan ƙofa su ne Larabawan Gadamas da na Tarabulus, waɗanda suka yi zamansu a Dandalin Turawa. Sa'ad da Bajamushen nan Barth ya iso birnin a 1851, ya lissafa jawi da kanumfari cikin kayan da ake ƙetaro Sahara da su, ya kuma lura cewa man wardi, saboda tsadarsa, ba a cika baza shi a kasuwa ba, sai dai a kai wa sarakuna da manyan gari a gidajensu. Ƙasar Hausa ita ma tana da nata abin fitarwa, wato jibda, wadda masu haɗa turare a ƙasashen Larabawa da Turai suke nema. Ba wata takarda da ta keɓe wa waɗannan attajirai cinikin. Abin da ya keɓe musu shi shi ne raƙuma, da dangi a ɗaya bakin hamada, da ƙarfin jarin da zai jure watanni kafin kaya su iso. A ƙarƙashinsu akwai fatoma mai sauke baƙo ya tsaya masa, da dillali mai cin la'ada, alƙalai kuwa suna da babin wakala a cikin Muhtasar na Halilu idan gardama ta tashi tsakanin mai kaya da wakilinsa.

Kudancin Zazzau ya san turare ta hannun fatake masu bi ta Kajuru da Kachia su nufi Keffi, ko su yada zango a Zangon Katab da Jama'a, amma wanda ya kai shi har ƙofar gida shi ne ɗan koli, mai tallan allura da madubi da tozali da tsakiya. Shi ne ƙarshen silsila, kuma Gbagyi da Adara da Bajju da Atyap ba su san wani balarabe ba, fuskar ɗan kolinsu kaɗai suka sani.

Jirgin ƙasa ne ya juyar da ƙofar daga arewa zuwa kudu. Dogo ya isa Kano a 1911, kuma zuwa 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar da layin Fatakwal ke rabuwa, reshe ya nufi Kaduna, reshe ya hau Jos. A bayan dogo sai ga kantunan John Holt da G.B. Ollivant da Paterson Zochonis da CFAO, da kuma UAC wadda aka haɗa a 1929, kuma a wurinsu ne aka fara ganin wakilci irin na takarda, inda masana'anta a Ingila ko Faransa za ta ƙulla yarjejeniya da kamfani ɗaya tak cewa shi kaɗai zai shigo da hajarta wannan ƙasa. Kamfani kuma ya zaɓi 'yan kasuwar da ya amince da su, Kwarori da Hausawa da Yarbawa da Ibo, ya ba su kaya bashi zuwa ƙarshen wata, su kuma su rarraba wa na ƙasa da su, har kwalin da aka sauke a tashar Kafanchan ya ƙare kwalba ɗai-ɗai a kasuwannin ƙauye.

Babu turaren da ya fi bayyana wannan zamani kamar Bint El Sudan, wanda matanmu ke kira Binta Sudan. Kamfanin W.J. Bush na Landan ne ya fitar da shi a 1920, bayan wakilinsa Eric Burgess ya koma gida daga Sudan da samfurin ƙamshin da 'yan kasuwar can suka nuna masa suna so. Hikimar da ke ciki ita ce an yi shi da mai, ba a sa masa barasa ba, don haka mai alwala ya shafa ya shiga masallaci ba tare da waswasi ba, alhali turarukan Faransa, irin su Chanel No. 5 da ya fito shekara guda bayansa, sun daɗe suna jawo saɓani tsakanin malamai game da tsarkinsu. Mahajjatan da suke tafiya Makka ta ƙasa, su ratsa Barno da Wadai da Darfur, suna cikin waɗanda suka yaɗa shi, har ya shiga lefe da humra da turaren wuta, ya shiga wankan amarya da likkafani, kai har da 'yan bori ba su bar shi ba. Daga baya aka daina ɗauko shi daga Ingila aka koma ɗura shi a Kano, inda kamfanin Gongoni ke yin sa da izinin masu shi. Su kuwa masu shi sun sauya, domin Bush ya narke cikin Bush Boake Allen a 1966, shi ma IFF na Amurka ya saye shi a 2000. Mai kaya ya yi ta sauyawa ke nan, amma mai saye a Kujama, can kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, bai ji ko ɗuriyar hakan ba, tun da ƙofar da kwalbar ke fitowa tana nan inda take.

Dokokin mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun tilasta wa kamfanonin Turawa sakin wani kaso na rarraba kaya, sai wakilci ya zama abin nema ga attajiran gida, musamman a lokacin da lasisin shigo da kaya ya fi kayan kansu daraja. Da aka soke lasisin a 1986 kuma darajar Naira ta zube, sai ƙofofi suka yi yawa: kaya na fasa-ƙwauri ta Kwatano da Maraɗi, da kuma jabu, wanda kwalinsa wani lokaci ya fi na asali sheƙi. Hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ta mayar wa wakili martabarsa ta wata fuska, domin ba ta yi wa turare ko man shafawa na waje rajista sai ta ga takardar wakilci daga masana'anta zuwa ga wani kamfani na cikin gida, wanda shi za a kama idan haja ta cutar da fatar mutane.

Wakilin manyan gidajen turare na yau, irin su Dior da Guerlain, aikinsa ya wuce sauke kwantena. Shi ke biyan kuɗin fito, ya ajiye kaya inda zafi ba zai lalata su ba, ya horar da masu jiran kanti, kuma bisa sharaɗin masu kaya ba ya sayar wa kowane shago sai wanda ya cika ƙa'idarsu, domin a ganinsu turaren da aka gani a kan tire ya zubar da girmansa. Wannan ne ya sa irin waɗannan kantuna suka taru a Legas da Abuja. Masu sukar tsarin suna cewa ihtikari ne, kuma gaskiya ne cewa Malikiyya sun hana ɓoye duk abin da ɓoye shi ke cutar da kasuwa, gaskiya ne kuma cewa inda babu kishiya farashi yakan yi tashin gwauron zabo. Sai dai a nawa ra'ayi turaren Faransa ba hatsi ba ne da rashinsa zai hana yaro barci, kuma laifin mai algus, wanda ya karɓi kuɗin asali ya ba da jabu, ya fi na mai tsawwalawa nauyi nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi girgiza wakilan ma ba malamai ba ne, Dubai ce. Turarukan Ajmal da Rasasi da Lattafa da Al Haramain sun dace da hancin mutanenmu, masu son al'ud da sandal da ambar, kuma kowace hajiya mai jaka tana iya sayo su da kanta ta raba wa ƙawaye, ba tare da ta san ko akwai mai riƙe da takardar wakilcinsu a Nijeriya ba.

Kujama, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Chikun a kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, ba ta taɓa zama mazaunin irin wannan wakili ba, haka ma Kafanchan, wadda tasharta ta yi sanyi tun da sufurin jirgi ya ja baya. Masu shaguna suna saro kaya a babbar kasuwar Kaduna, ko Sabon Garin Kano, ko Onitsha, kuma ciniki yakan buɗe ne gab da Sallah da Kirsimeti da lokacin bukukuwan aure, sa'ad da manoma suka sayar da amfanin gona. Mafi yawan abin da ake saye madarar turare ce da ake aunawa da sirinji a ƙananan kwalabe, a kira ta da sunan wani shahararren turaren Faransa, mai saye da mai sayarwa kuwa duk sun san kwaikwayo ne, kuma a kan haka suke yin ciniki.