Yadda Jar Fatarmu Ta Koma 'Yar Maroko

A cikin takardun da muke ajiye da su a ofishin ƙungiya akwai wata mujallar adon gida ta Faransanci, wadda wani ɗan ƙungiya ya zo da ita daga Yamai. A wani shafi an ɗauki hoton falo. A tsakiyarsa akwai tumtum biyu na jar fata, a bango an rataye faya-fayai masu bakin fata, da madubi da aka kewaye da fata da tagulla. Masu fataucin kayan dukanci a cikinmu suna gani suka ce wannan ɗinkin Damagaram ne, babu ko tantama. Da muka sa aka karanta mana rubutun da ke ƙasan hoton, sai muka ji sunan wani kanti a Paris, da farashi a Yuro, da kalmar "Afirka". Ba a ambaci gari ba, balle badukun da ya yi aikin.

Da shugabanni suka ce a rubuta wani abu na tarihi saboda bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya, wannan hoto ne ya faɗo mana a rai. Abin da ya faru a shafin nan ya daɗe yana faruwa da kayan hannun ƙasashenmu, tun kafin a san wani abu wai shi mujalla.

Mu fara da fatar kanta. Jar akuya, wadda a Najeriya ake kira ta Sakkwato, a Nijar kuma ta Maraɗi, tana da fata mai laushi da ƙarko wadda ba ta saurin tsagewa. Majema suna jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi da kanwa, rawaya da gangamau. Daga nan dukawa su karɓa su ɗinka takalma, zabira, jaka, kube, gafaka da kayan doki. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 kuma aka kafa Kasuwar Kurmi a lokacinsa, Kano ta zama matattarar irin waɗannan kaya. Ayari yakan tashi ya bi ta Damagaram da Agadas, ya ƙetare Sahara ta Gat da Gadamus har Tarabulus. Larabawan da ke wannan fatauci sun zauna a Kano har suka yi unguwa, Dandalin Turawa, domin a wancan lokaci Larabawa ake kira Turawa.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851. Ya rubuta yadda ya ga ana fitar da rinannen tufafi da takalma da jemammiyar fata zuwa arewacin Afirka. To amma mai saye a Ingila ko Faransa bai san Kano ba, tashar jirgin ruwan da kaya suka fito kawai ya sani. Don haka fatar akuya mai kyau da suke yi wa littattafai bango da ita suka sa mata suna fatar Maroko, alhali wani kaso mai yawa daga ƙasar Hausa ya taso. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Sai daga baya masu ɗaurin littattafai a Ingila suka fara kiran irin tamu da sunan "Niger", bayan an koma fitar da ita ta kudu.

Zuwan Turawan mulki ya canza hanyar baki ɗaya. Tsakanin 1898 da 1906 Ingila da Faransa suka yi ta yarjejeniya a kan iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram, wato iyakar da muke ƙetarawa kullum. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, ayarin Sahara ya fara mutuwa. Kamfanonin Turai suka fi son busasshiyar fata da ƙirgi, su kai can su jeme da kansu. Wanda ya sayar da ɗanyar fata ba shi da wata magana a kan abin da aka yi da ita, don haka sunanmu ya ƙara nisa da kayan.

Bayan haka an samu wuraren da suna ya bi kaya, kuma su ne darasinmu. Ladi Kwali, Bagwariya mai ginin tukwane, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. An baje tukwanenta a Landan da sunanta, yau ga hotonta a bayan Naira 20. A Yamai, gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1959, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Bubu Hama, ya ba dukawa da maƙera da masaƙa wurin aiki, baƙo ya ga mai sana'a da idonsa ya saya a hannunsa. Wagadugu ta fara babban baje kolin sana'o'in hannu na SIAO a 1988. Mai tsara tufafi Alphadi ya yi bikin FIMA na farko a hamada kusa da Agadas a 1998, Yamai kuma tana da SAFEM na mata masu sana'a. Irin waɗannan taruka ne masu kantunan Turai da 'yan jarida ke zuwa neman sabon abu.

Maƙwabtanmu ma sun nuna mana hanya. Kwandon da matan Bolgatanga ke saƙawa a arewacin Ghana, mai mariƙin fata, a ko'ina aka buga hotonsa ana kiransa kwandon Bolga. Malfar Sapone ta Burkina Faso, wadda ake yi da ciyawa da fata, an yi mata rajista da sunan garinta a hukumar OAPI, kamar yadda Nijar ta yi wa kilishi da albasar Galmi. Kurus ɗin Agadas ma duniya ta san shi da sunan garinsa. Waɗannan kaya ba su fi namu wahalar yi ba, sunan gari ne aka riƙe tun daga wurin saye.

Kayanmu na haɗi sun fi saurin rasa suna saboda hannu da yawa ke taɓa su. Ɗauki madubin nan na cikin hoto. Majemi ya jeme fata, maƙeri ya buga tagulla, baduku ya haɗa ya yi ado. Faifai kuwa mace ce ta saƙa a cikin gida, ta ba yaro ya kai kasuwa, wani ya saya ya sa aka yi masa bakin fata. Dillali ya tara, ɗan ƙungiyarmu ya ɗauka ya wuce ta Jibiya ko Illela ko Kwangwalam, ya sayar wa mai shago a Yamai ko Kwatano, shi kuma ya sayar wa wanda zai kai Turai. Kafin kaya su isa Paris babu wanda zai iya cewa ga wanda ya yi su. A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, wani lokaci mu ne muke ɓoye sunan mai sana'a, don tsoron kada mai saye ya tsallake mu ya je wurinsa kai tsaye. Wannan tsoro yana da dalili. Amma kayan da ba su da suna kowa zai iya kwaikwayonsu da leda ya karya farashi, kuma mun ga hakan a kasuwar takalma.

Yana da kyau mu san yadda mujallun ke aiki. Irin su Elle Decoration da The World of Interiors suna shirya fitowa watanni kafin ta shiga kasuwa. Masu tsara hoto sukan ari kaya daga kantuna, a ɗauki hoto a mayar. Abin da ake rubutawa a ƙasan hoto shi ne abin da kanti ya ba su, wato sunan kayan, abin da aka yi su da shi, farashi da inda za a saya. Idan kanti ya san cewa tumtum ɗin na Damagaram ne, an jeme fatar da bagaruwa, zai faɗa, domin labari yana ƙara wa kaya daraja a wurin masu sayensu. Idan ba a gaya masa ba, "Afirka" zai rubuta.

Wanda ke son kayansa su kai can, ga abin da 'yan uwa masu hulɗa da kantunan waje suka koya. A ɗauki hoto da hasken rana a jikin farin bango, ba tare da tarkace a baya ba. A rubuta tsawo da faɗi da santimita. A faɗi gaskiyar adadin da za a iya yi a wata, domin mujalla na fitowa za a nemi irinsa sak, kuma saɓa alkawari sau ɗaya ya isa ya rufe ƙofa. A tabbatar fata ta jemu sosai ta bushe, saboda wari da fumfuna su ke sa a mayar da kaya. A guji sa fatar kada ko mesa ko damo a cikin ado, domin yarjejeniyar CITES da ta fara aiki a 1975 ta sa sai da takardar izini suke wucewa, in babu kwastan na can su riƙe.

Rufe iyaka da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan Yulin 2023, sun nuna mana cewa ɗan kasuwar da masu saye suka san sunansa da lambarsa ana jiransa har a buɗe hanya, wanda ba a sani ba kuwa a sayi na wani. Saboda haka ofis ya buɗe littafi na masu sana'ar da muke saye a hannunsu. Duk ɗan ƙungiyar da ya yarda ya zo a rubuta sunan mai sana'a da garinsa da irin aikinsa, bayan ya nemi izininsa. Za mu buga 'yar takarda da Hausa da Faransanci da Turanci, a ɗaura a jikin kowane kaya, sunan gari da na mai aiki a gaba, sunan ɗan kasuwa da lambarsa a baya. Littafin yana wurin magatakarda kowace ranar taro. Allah ya sa albarka a cikin neman kowa, ya maimaita mana.