Ƙwan LED mai haske ruwan ɗorawa

Ƙwan LED mai haske ruwan ɗorawa nau'in ƙwan lantarki ne da ake ƙerawa domin ya ba da haske mai ɗan ja-ja, irin na tsohon ƙwan zare da ƙwan halojin, amma da ƙarancin shan wuta. Ana amfani da shi wajen maye gurbin ƙananan fitilun halojin da ake nutsawa a cikin silin na gidaje, shaguna, masallatai da masaukin baƙi. A wuraren da wutar gwamnati ba ta wadata ba, kamar Anka da Gummi da Bukkuyum a yammacin Jihar Zamfara, sauyin yana rage nauyin da ke kan janareta da batirin sola. Ana zaɓen ƙwan ne ta hanyar duba yawan haskensa da launinsa da irin gindinsa, domin adadin wat shi kaɗai ba ya nuna ko zai yi daidai da halojin.

Tarihi

Injiniyoyin kamfanin General Electric na Amurka, Elmer Fridrich da Emmett Wiley, su ne suka yi rajistar ƙwan halojin a shekarar 1959. A shekarar 1962 Nick Holonyak, shi ma a wannan kamfani, ya samar da LED mai jan haske. Farin haske bai samu ba sai da masana uku 'yan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da shuɗin LED mai ƙarfi a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su kyautar Nobel ta kimiyyar lissafi da ƙarfi a shekarar 2014.

Tarayyar Turai ta hana shigar da ƙwayayen halojin na silin masu aiki da wutar gida kasuwa daga watan Satumbar 2016, ta faɗaɗa hanin zuwa yawancin sauran nau'o'in a Satumbar 2018. Birtaniya ta hana sayar da yawancinsu a shekarar 2021. Wannan ya sa manyan masana'antu suka karkata ga LED.

Bambancin halojin da LED

A cikin ƙwan halojin akwai siririn zaren ƙarfen tangistin da wuta ke gasawa har ya yi haske, a cikin ƙaramar kwalba mai iskar aidin ko buromin. Mafi yawan wutar da yake sha zafi take zama, kuma yakan yi kimanin awa 2,000 kafin ya ƙone. Shi kuwa LED ba shi da zare. Ɗan ƙwayar da ke cikinsa shuɗin haske yake fitarwa, sai a shafa masa wani sinadari mai suna fosfo wanda ke juya wani kaso na shuɗin zuwa rawaya da ja. Haɗin sinadarin ne ke sa hasken ya fito fari fat ko ruwan ɗorawa. Masana'antu kan rubuta masa tsawon rai daga awa 15,000 zuwa 25,000.

Abubuwan da ake dubawa

Yawan haske. Ana auna shi da lumen. Ƙwan halojin na silin mai wat 50 yana ba da kimanin lumen 350 zuwa 400, kuma LED mai wat 4 zuwa 5 yana ba da kwatankwacin haka.

Launin haske. Ana auna shi da kelbin, ana rubuta lamba da harafin K a jikin kwali. Halojin yana tsakanin 2800K da 3000K, saboda haka LED mai 2700K ko 3000K ne ya fi kama da shi. Mai 4000K fari ne tsaka-tsaki. Mai 6500K, wanda ya fi yawa a shagunan kayan wuta, fari ne mai ɗan shuɗi. Ƙaramar lamba ita ce ke nuna jan haske, babba kuma fari.

Fitar da launin kaya. Ma'aunin da ake kira CRI ko Ra yana nuna yadda haske ke fito da ainihin launin abu, kuma ƙarshensa 100 ne. Halojin yana kusa da 100. Yawancin LED na kasuwa suna da 80, masu inganci kuma 90 ko fiye. LED mai ƙaramin ma'auni yakan kashe jan launi, shi ya sa nama da atamfa da fatar mutum kan fito a koɗe a ƙarƙashinsa ko da lambar kelbin ɗinsa ta dace.

Gindi da ƙarfin wuta. Nau'in GU10 yana da ƙafafu biyu masu kauri da ake murɗawa, yana aiki kai tsaye da wutar gida, wadda a Najeriya bolt 230 ce. Nau'in MR16 yana da siraran ƙafafu biyu da ake cusawa, yana aiki da bolt 12 ta hanyar ƙaramar taransifoma. Wasu tsofaffin taransifomomin halojin ba sa aiki da ƙaramin nauyi, sai LED ya riƙa ƙyaftawa ko ya ƙi kamawa. A irin wannan hali masu gyaran wuta kan canza taransifomar ko su mayar da holdar zuwa GU10.

Faɗin haske. Yawancin ƙwayayen halojin na silin suna watsa haske a kusurwar kimanin digiri 36. LED mai digiri 60 ko fiye yana baza haske a ɗaki, amma ba ya haska wuri guda da ƙarfi.

Makunnin rage haske. Ba kowane LED ke aiki da shi ba, sai wanda aka rubuta haka a kwalinsa. Halojin yana ƙara ja idan aka rage shi, LED na yau da kullum kuwa launinsa ba ya canzawa, sai dai wani nau'i na musamman da aka ƙera domin ya kwaikwayi hakan.

A yammacin Zamfara

Ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum suna cikin mazaɓar sanatan Zamfara ta Yamma. Jihar tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna, wanda ke kula da jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Ƙauyuka da dama ba su da layin wuta, a garuruwan da ke da shi ma mutane na dogara da janareta da sola da fitilar caji. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara tsadar kunna janareta.

Lissafin a bayyane yake. Ƙwayayen halojin goma masu wat 50 suna jan wat 500, LED goma masu wat 5 kuma wat 50. Idan aka kunna su awa biyar kowane dare, halojin zai ci yunit 75 a wata, LED kuma yunit 7.5. Batirin sola mai bolt 12 da ƙarfin 100Ah yana riƙe da kimanin yunit 1.2, kuma idan na dalma ne rabinsa kawai ake so a ja. Wannan rabin zai riƙe halojin goma na awa ɗaya da 'yan mintuna, LED goma kuwa kusan awa goma sha biyu.

Yanayin yankin yana shafar zaɓin ta fuskoki uku. A lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, kuma sararin da ke tsakanin silin da rufin kwano ya fi haka zafi. Zafi yana rage tsawon ran kayan lantarkin da ke gindin LED, don haka mai jikin alminiyam da ke fitar da zafi ya fi daɗewa. Na biyu, wuta kan zo da rauni ko ta hauhawa, saboda haka ƙwan da aka rubuta masa faffaɗan zango, kamar bolt 85 zuwa 265, ya fi jurewa. Na uku, ƙwari sun fi taruwa a kan haske mai shuɗi, don haka da damina haske ruwan ɗorawa ya fi dacewa da tsakar gida da teburin mai shayi da tukubar mai tsire. Teloli da masu ɗinkin hula kuwa sukan fi son farin haske domin ganin zare.

Matsaloli da zubar da shara

Ana samun ƙwayayen da adadin wat da lumen da ke kwalinsu ya zarce abin da suke bayarwa, da waɗanda ba a rubuta musu lambar kelbin ko CRI ba. Hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, SON, ita ke da alhakin tantance kayan lantarkin da ake shigowa da su a ƙarƙashin tsarin SONCAP.

Ƙwan LED ba shi da sinadarin makuri da ke cikin ƙwan nan mai lanƙwasa da ake kira enaji. Amma batiran sola da na fitilun caji da yawa na dalma ne. A shekarar 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi aikin jinya. Fasa tsohon batir ko narka dalmarsa a cikin gida yana watsa irin wannan guba a ƙasar da yara ke wasa, shi ya sa ake ba da shawarar a ajiye shi a rufe, nesa da yara, har a miƙa shi ga masu sayen tsofaffin batira.