Dariya da Fargaba a Tsakar Gida

Ana yawan ɗauka cewa son fim ɗin iyali mai barkwanci, da son labarin da ke sa gaban mutum faɗuwa ba tare da an harba bindiga ba, baƙin ɗabi'u ne da suka zo da faifai da waya. Tarihin kallo a garuruwa irin su Mashi, da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, bai goyi bayan haka ba. Tun kafin majigi, tsakar gida ce dandalin dariya da tsoro gaba ɗaya. A tatsuniya, Gizo miji ne mai wayon banza da Ƙoƙi ke fama da shi, kuma da dare kaka za ta kawo labarin 'yar bora da kishiyar uwa ta tasa gaba, ko na budurwar da ta ƙi samarin garinsu ta auri baƙo, ashe dodo ne. Abin tsoron a gida ɗaya ake kwana da shi.

Silima ba ta taɓa wannan gado ba da farko. An buɗe Rex a Kano a 1937, amma gidajen silima na manyan birane ne, na maza kuma, matar aure ba ta leƙa su. Ƙauye majigin gwamnati ya sani, da finafinan wayar da kai irin su Baban Larai, mai koyar da noma. Abin ya juya ne a 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Fim ya shiga ɗaki ke nan, mata suka zama manyan 'yan kallo, masu shirya fim kuwa suka bi kasuwa: kishiya, auren dole, rabon gado, sammu. A shekarar ce Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, labarin maigidan da ya wulaƙanta uwargida saboda amarya, daga baya aka mayar da shi fim. Ɓangaren dariya kuwa Rabilu Musa Ibro ya riƙe shi har rasuwarsa a 2014, wanda sau da yawa kan fito a matsayin talakan da ƙaryarsa da kwaɗayinsa ke jefa iyalinsa cikin rigima.

Masu cewa finafinan nan duk kwaikwayon Indiya ne suna da hujja, domin rawa da waƙa da samari biyu a kan budurwa ɗaya daga can aka aro su. Sai dai ba Indiya ce ta koya mana zaman mata huɗu da rabon girki ba, ballantana zargin da kan biyo bayan ciwon da ya faɗa wa ɗan kishiya. Aron ya tsaya a ado.

Sukar da ta fi nauyi ita ce finafinanmu ba su da haƙurin riƙe fargaba. A fim ɗin Spoorloos na ƙasar Holan, wanda George Sluizer ya shirya a 1988, budurwa ta ɓace a gidan mai, aka nuna wanda ya sace ta tun da wuri, malamin makaranta ne mai mata da 'ya'ya, kuma har aka tashi ba a kama shi ba. Namu kuwa sai muguwa ta bayyana nufinta da baki a gaban boka, daga ƙarshe ta haukace ko ta tuba. Ana iya cewa tarbiyya ce ta sa haka, da idon Hukumar Tace Finafinai ta Kano da aka kafa a 2001, amma babu dokar da ta hana kamara yin shiru. Kayan labarin muna da su tun zamanin kakanni. Abin da ya rage ga marubutanmu shi ne su amince cewa mai kallo a Mashi zai gane mugu ko ba a nuna masa shi da yatsa ba.