Da Dakar ta faɗi a 1940: jiragen Ark Royal da makomar ƙasar Kurfai

Tsakanin Filinge da bakin teku akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita, amma yaƙin da aka gwabza a gaɓar Dakar daga 23 zuwa 25 ga Satumba 1940 ya shafi kowane manomi na Dallol Boso. A kwanakin nan ne Janar de Gaulle da rundunar ruwan Ingila suka nemi ƙwace hedkwatar Afirka ta Yamma ta Faransa daga hannun Gwamna Janar Pierre Boisson, mai biyayya ga gwamnatin Vichy. Ba su yi nasara ba.

A cikin rundunar akwai Ark Royal, jirgin ruwa mai dakon jiragen sama. Jiragen da yake ɗauke da su, Swordfish da Skua, masu nauyin tafiya ne. Skua bai wuce gudun kilomita 360 a awa ba, alhali Curtiss H-75 na Faransawa, da ke tashi daga filin Wakam, yana kusantar 500. Abin takaici ga Ingilishi shi ne, jiragen Grumman da Faransa ta yi odarsu daga Amurka sun riga sun koma hannunsu bayan faɗuwar Faransa, har sun raɗa musu suna Martlet, sai dai babu ko ɗaya a bisa Ark Royal.

Da suna nan fa? Lalle da jiragen leƙen asiri masu daidaita wa igwa saiti sun sami kariya. Amma Martlet ba ya kore hazon da ya rufe gaɓar a ranar farko, ba ya toshe bakin manyan igwogin Richelieu, kuma ba shi zai hana jirgin ƙarƙashin ruwa Bévéziers huda Resolution ba. Masu ɗora komai a kan jirgi guda suna sauƙaƙa lissafi fiye da kima.

To, a ɗauka Dakar ta faɗi. Mai yiwuwa Nijar ta bi sahun Cadi, wadda Félix Éboué ya kai ɓangaren de Gaulle a Agusta 1940, maimakon ta jira Nuwamba 1942. Da iyakar Najeriya ta buɗe shekara biyu kafin lokacin, fataken Kurfai da na Tabla su kora dabbobinsu kudu ba a ɓoye ba. Aikin tilas da karɓar gero da ƙarfi kuwa da wuya su ragu, domin ɓangaren de Gaulle ma hatsi da sojoji yake nema, kuma ba a soke aikin tilas ba sai Afrilu 1946.